Malamin Bakin Gado: Tallafa wa Jagororin Koyon Aikin Jinya da Riƙe Su a Anka da Gummi da Bukkuyum

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin ƙwararrun ma'aikatan jinya da ungozomomi da jami'an lafiyar al'umma waɗanda ke koya wa ɗalibai aiki a bakin gadon majiyyaci, ta kuma taƙaita ga ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum na yammacin Jihar Zamfara. Manufarta ita ce fito da abubuwan da ke raunana waɗannan jagorori ko su kore su daga karkara, tare da nuna hanyoyin tallafa musu. An yi bitar manufofin kiwon lafiya na Nijeriya, da darasin annobar gubar dalma ta 2010, da yadda wasu ƙasashe suka tunkari matsalar, sannan aka auna su da tsarin koyon sana'a na Bahaushe. An ɗora nazarin a kan ra'in matakan ƙwarewa na Benner. Maƙalar ta gano cewa ƙara yawan ɗalibai a makarantu ba zai samar da ƙwararru ba matuƙar mai koya musu aiki ba shi da suna a tsari, ba shi da lokaci, ba shi da lada, ba shi kuma da kwanciyar hankali. Ta ba da shawarar a naɗa jagora a rubuce, a rage masa nauyi, a saka masa, a kuma raba shi da nauyin yanke hukunci shi kaɗai.

Fitilun Kalmomi: jagoran koyon aiki, jinya, koyon sana'a, karkara, Zamfara

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen ƙarancin ma'aikatan lafiya a arewacin Nijeriya, hankali yakan koma ga gina makarantu da ƙara yawan gurabun ɗalibai. Wannan mataki ne mai kyau, sai dai rabin aikin ke nan. Ɗalibin jinya yana iya haddace alamomin jijjigar masu ciki a aji, amma ranar da aka shigo da mace tana jijjiga cikin dare, abin da zai cece ta shi ne hannun da ya taɓa yin aikin a gaban wanda ya iya. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A aikin jinya kuwa, yi da hannu ya kori gani.

Mutumin da ke tsayawa kusa da ɗalibi a wannan lokaci, ya nuna masa, ya bar shi ya gwada, ya gyara masa kuskure kafin kuskuren ya taɓa majiyyaci, shi ne abin nazarin wannan maƙala. Yawanci ba malamin makaranta ba ne. Ma'aikaci ne na asibiti wanda aka ɗauka domin jinya, aka ɗora masa koyarwa a kan aikinsa. A wurare irin su Anka da Gummi da Bukkuyum, inda likitoci suka yi ƙaranci kuma tafiya zuwa Gusau ko Sakkwato take da haɗari, rashin irin wannan mutum guda ɗaya yana iya yanke silsilar koyo a asibiti gaba ɗaya.

1.1 Hanya da Ra'in Nazari

An bi hanyar bitar rubuce-rubuce da dokoki da manufofi, tare da kwatanta tsarin zamani da na gargajiya. An ɗora aikin a kan ra'in Patricia Benner na 1984, wanda ya nuna cewa ma'aikacin jinya yakan bi matakai biyar: sabon shiga, mai ɗan fara ganewa, wanda ya iya, gwani, sannan ƙwararre. A cewar wannan ra'i, sabon shiga yana aiki ne da ƙa'idojin da ya haddace, ƙwararre kuwa yana hango matsala daga yanayin majiyyaci tun kafin awo ya tabbatar. Irin wannan sani ba ya shiga littafi dukkansa, sai an zauna da mai shi. An kuma waiwayi ra'in Lave da Wenger na 1991, wanda ya bayyana koyo a matsayin shiga cikin jama'ar masu sana'a daga gefe, ana matsawa tsakiya a hankali.

2.0 Wane ne Jagoran Koyon Aiki?

Hausa tana da kalmomi da dama da suka kusanci wannan ma'ana. "Malami" ta yi faɗi, domin a asibiti kowane ma'aikaci malam ne a bakin majiyyata. "Ubangida" ta dace da tsarin sana'a, amma tana ɗauke da ma'anar mallaka da hidima. "Mai sa ido" ta fi karkata ga bincike da kama laifi. Saboda haka wannan maƙala ta zaɓi "jagoran koyon aiki", a taƙaice "jagora", domin jagora shi ne wanda ya san hanya, yake tafiya tare da wanda bai sani ba.

Aikin jagora ya ƙunshi abubuwa huɗu. Yana nuna yadda ake yi. Yana tsayawa ɗalibi ya yi a gabansa. Yana auna ko ɗalibin ya iya, ya sa masa hannu a littafin shaidar ayyuka. Sannan yana koya masa ɗabi'ar aikin: yadda ake magana da maigidan da ya ƙi yarda a ƙara wa matarsa jini, da yadda ake sanar da uwa rasuwar ɗanta, da yadda ake rufa wa majiyyaci asiri.

2.1 Ma'aikacin Jinya Mai Duba Marasa Lafiya da Takwaransa a Nijeriya

A shekarar 1965, Loretta Ford, ma'aikaciyar jinya, da Henry Silver, likitan yara, suka buɗe shiri a Jami'ar Kolorado ta Amurka domin horar da ma'aikatan jinya su riƙa duba yara, su gano cuta, su ba da magani a yankunan da likitoci suka yi ƙaranci. Daga nan wannan matsayi ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama. Tun da horon ya dogara ga ɗaruruwan sa'o'i na aiki a gaban ƙwararre, samun jagorori ya zama babbar matsalar makarantun da ke bayar da shi.

A karkarar Nijeriya waɗanda ke ɗauke da wannan nauyi su ne jami'an lafiyar al'umma. Akwai babban jami'i da ake kira CHO a taƙaice, da ma'aikacin CHEW mai horon shekara 3, da ƙaraminsa JCHEW mai horon shekara 2. Hukumar da ke yi musu rajista an kafa ta ne da doka mai lamba 61 ta 1992, kuma suna aiki da wani kundin umarni na ƙasa da ya fayyace abin da za su yi wa majiyyaci da lokacin da za su tura shi gaba. Ma'aikatan jinya da ungozomomi kuwa suna ƙarƙashin majalisarsu wadda doka mai lamba 89 ta 1979 ta kafa. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar raba ayyuka, wadda ta ba ma'aikatan CHEW da aka horar damar yin wasu ayyukan da a da sai ungozoma ko likita, musamman a fannin haihuwa da tazarar iyali. Sharaɗin wannan manufa shi ne horo da kulawar na gaba. Wato dai an faɗaɗa aikin ƙaramin ma'aikaci bisa zaton akwai babba a kusa da shi.

3.0 Farfajiyar Nazari

Anka da Gummi da Bukkuyum uku ne daga cikin ƙananan hukumomi 14 na Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Dukkansu suna cikin mazaɓar sanata ta Zamfara ta Yamma. Hanyar da ta taso daga Mayanci ta ratsa Anka zuwa Ɗaki Takwas da Gummi ita ce jijiyar yankin. Jama'arsa manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, ga kuma haƙar zinari a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Makarantun gwamnatin jiha da ke yaye ma'aikatan lafiya suna can gabas: ta jinya da ungozoma tana Gusau, kwalejin kimiyya da fasahar lafiya kuma tana Tsafe. Manyan asibitocin da suka fi tara ƙwararru, wato Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, su ma suna Gusau. Ɗalibin da ya yi duk horonsa a birni, inda akwai likita da ɗakin gwaji a kusa, idan aka tura shi ƙauyen Bukkuyum zai tarar da wata duniya dabam. Wannan ne ya sa koyon aiki a asibitocin karkara yake da muhimmanci, shi ne kuma ya sa jagoran karkara ya fi kowa tsada.

An sha yin ƙoƙarin cike giɓin ma'aikata. A ƙarshen 2009 Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa ta fara shirin tura ungozomomi karkara, sababbin yaye da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya. Daga 2012 kuma shirin Mata Domin Lafiya, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi a jihohin Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, ya buɗe aji na share fage domin 'yan matan karkara su cika sharuɗɗan shiga makarantun lafiya, bisa alkawarin za su koma garuruwansu su yi aiki. Tunanin shirin ya yi daidai, domin 'yar gari ta fi baƙuwa zama. Amma yarinyar da ta dawo gida da takardar shaida tana mataki na ɗaya ko na biyu ne a ma'aunin Benner. Tana buƙatar wadda za ta jingina da ita na wasu shekaru.

3.1 Darasin Gubar Dalma

Babu abin da ya fito da darajar koyo a bakin gado a wannan yanki kamar annobar gubar dalma. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar cutar sanƙarau suka ci karo da mace-macen ƙananan yara da suka wuce ƙima a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Yaran suna amai, suna ciwon ciki, suna jijjiga, alamomin da suka yi kama da zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa ko sanƙarau, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su yi musu aiki ba. Daga baya aka gano cewa duwatsun zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje suna ɗauke da dalma mai yawa. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a Anka. Yara sama da 400 suka rasu. Binciken Dooyema da abokan aikinsa da aka buga a 2012 ya nuna cewa a ƙauyuka biyu kaɗai, yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu a cikin shekara guda.

Maganin da aka yi amfani da shi, wato DMSA, na sha ne, yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Ana fara ba da shi idan dalmar ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita ta jini. Nazarin Thurtle da abokan aikinta na 2014 ya yi bayanin zagayen magani 3,180 da aka yi wa yara a shekarar farko. Aiki mai wannan yawa ya wuce ƙarfin likitoci 'yan kaɗan. Ma'aikatan jinya da jami'an lafiyar al'umma ne suka koyi ɗibar jini daga jijiyar ƙaramin yaro ba tare da ƙurar dalma ta gurɓata samfurin ba, da lissafin magani bisa nauyin yaro, da bin uwaye har gida, da bayyana wa magidanta da Hausa cewa ƙasar tsakar gidansu ce ke kashe 'ya'yansu.

A farkon 2022 MSF ta miƙa wannan shiri ga hukumomin jiha. A nan darasin yake. Sanin da aka tara cikin shekaru sama da 10 yana zaune ne a kawunan mutane da hannayensu. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta kuma ɗage hanin a Disamba na 2024, ke nan haɗarin dalma bai gushe ba. Idan waɗanda suka ga annobar da idonsu suka watse ba tare da sun koya wa na baya ba, yaro mai jijjiga zai sake zuwa asibiti a yi ta ba shi maganin zazzaɓi.

4.0 Jagora a Tsarin Koyon Sana'a na Bahaushe

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa sana'ar da ta shafi jikin ɗan Adam ba a koyonta da baki. Yaron wanzami yakan fara da ɗaukar zabira da wasa aska, ya daɗe yana kallo, sannan a bar shi ya yi aski, sai daga baya ya kai ga ƙaho da kaciya. Ɗan maɗori yakan riƙe ƙafar mai karaya yana jin yadda hannun mahaifinsa ke lalubar ƙashi. Ungozoma takan tafi da wadda za ta gaje ta gidan haihuwa. A tsangaya kuma malam yakan ɗora wa gardi biya wa ƙolo karatu. Wannan shi ne shiga daga gefe zuwa tsakiya da Lave da Wenger suka bayyana.

Ba manufar wannan maƙala ba ce ta wanke kowane aikin gargajiya, domin wasu daga ciki, kamar yankan gishiri, likitanci ya tabbatar da illarsu. Abin lura shi ne yadda al'umma ta riƙe mai koyarwa. Na farko, tana ba shi suna da matsayi: akwai Sarkin Aska, akwai Sarkin Ɗori, kowa ya san su. Na biyu, tana saka masa: almajirai suna kai kuɗin Laraba, wanzami yana da rabonsa ranar suna da lokacin kaka. Na uku, mai koyo yana rage masa aiki: almajirai suna noma gonar malam, yaron wanzami yana yi masa aike. Na huɗu, sunan malami yana bin ɗalibinsa, a ce wane a hannun wane ya koya.

Idan aka ɗora jagoran asibitin karkara a kan wannan sikeli, za a ga waɗannan ginshiƙai huɗu duk sun yi rauni. Takardar ɗaukarsa aiki ba ta kira shi malami ba. Albashinsa ɗaya ne da na abokin aikinsa da bai taɓa koyar da kowa ba. Sabon ɗalibi a makonnin farko yana ƙara masa aiki ne. Ranar yaye ɗalibai kuma a birni ake yin biki, ba a ambaton sunansa.

5.0 Abubuwan da ke Raunana Jagora

5.1 Nauyin Aiki

A ɗauki misalin ma'aikaciyar jinya guda a ɗakin yara lokacin damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da amai da gudawa suke haɗuwa. Sa wa yaron da ruwan jikinsa ya ƙare allurar ƙarin ruwa zai ɗauke ta mintuna kaɗan. Idan ta tsaya ɗalibi ya yi a gabanta, lokacin zai ninka, ga layi yana jira. Dole ta zaɓa tsakanin majiyyacin yau da ma'aikacin gobe, kuma kowace mai imani majiyyacin yau za ta zaɓa. Sakamakon haka ɗalibi yakan koma ɗan kallo ko ɗan aike, ko kuma a sakar masa aikin da bai kai ba.

5.2 Rashin Tsaro

A watan Janairu na 2022 'yan bindiga sun kai munanan hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka rasa rayuka masu yawa, dubban mutane suka bar gidajensu. Kafin nan, a watan Satumba na 2021, an rufe layukan wayar salula a faɗin jihar a wani yunƙuri na daƙile 'yan bindigar. Irin wannan yanayi yana taɓa koyo ta fuska uku. Ƙwararren da ke da hanyar samun canjin wurin aiki shi ne ke fara tafiya. Makarantu da iyaye suna ɗari-ɗarin tura ɗalibai, musamman mata. Malamin makaranta da ya kamata ya zo duba ɗalibai yana fasa tafiya, a bar jagora shi kaɗai.

5.3 Ƙaura

A watan Fabrairu na 2024 magatakardar majalisar jinya da ungozoma ya shaida wa manema labarai cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekaru 3. A wannan watan majalisar ta fitar da ƙa'idar cewa sai ma'aikaci ya yi shekara 2 yana aiki kafin a tantance masa takardu domin fita waje, abin da ya jawo zanga-zanga. Nijeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya. Ƙaurar tana tafiya ne hawa-hawa. Wanda ya bar asibitin koyarwa ya tafi Ingila ko Saudiyya, gurbinsa na jawo wani daga asibitin jiha, gurbin wannan kuma na jawo wani daga karkara. Ƙauye ne ƙarshen igiyar, shi ne ba shi da inda zai jawo.

5.4 Nauyin Sa Hannu

A 2003 Kathleen Duffy ta yi nazari a Birtaniya da ya nuna cewa jagorori sukan ƙyale ɗalibin da bai iya ba ya wuce, saboda tausayi, ko ƙarancin lokaci, ko gudun rigima. A ƙasar Hausa wannan matsala tana da ƙarin saiwa. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa kunya da mutunci cikin halayen da Bahaushe ke girmamawa, tare da gaskiya da amana. A ƙaramin gari inda ɗalibar 'yar maƙwabci ce, ko 'yar surukai, ko 'yar wani babba, waɗannan halaye sukan yi karo da juna. Kunya tana cewa a sa hannu, amana tana cewa a dakata. Barin mutum ɗaya da wannan hukunci zalunci ne a gare shi, haɗari ne kuma ga matan da ɗalibar za ta karɓi haihuwarsu.

6.0 Hanyoyin Tallafi da Riƙewa

Shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 kan riƙe ma'aikata a karkara, waɗanda aka sabunta a 2021, sun kasu gida huɗu: ilimi, da dokoki, da ihisanin kuɗi, da tallafin rayuwa da na aiki. Sun kuma jaddada cewa haɗa matakai da dama ya fi dogaro ga guda ɗaya. Bisa wannan, da kuma darasin al'ada, ga abubuwan da suka dace da yankin.

Na farko, naɗi a rubuce. Makaranta da hukumar da ke kula da asibiti su haɗu su zaɓi jagorori bisa ƙwarewa da hali, a ba kowa takarda, a yi masa gajeren horo kan dabarun koyar da manya da yadda ake gyara kuskure ba tare da muzantawa ba. Gwanin aiki ba lallai ne ya zama gwanin koyarwa ba.

Na biyu, lokaci. A iyakance yawan ɗaliban da ke hannun jagora guda, a kuma rage masa aikin dare a makonnin da yake da ɗalibai. Makarantu su daidaita jadawalinsu: sababbin ɗalibai su je da rani, 'yan ajin ƙarshe su je da damina, lokacin da hannunsu zai rage nauyi kamar yadda gardi ke rage wa malam.

Na uku, lada. Yaba kyauta tukuici. Jihohin Amurka irin su Jojiya da Merilan da Kolorado da Hawayi sun yi dokokin rangwamen haraji ga masu koya wa ɗaliban lafiya aiki. A Zamfara abin da ya fi dacewa shi ne alawus bayyananne ga kowane ɗalibi, mai zuwa a kan lokaci. Akwai kafar doka: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya na matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta kuma ware kashi 10 cikin 100 na asusun domin bunƙasa ma'aikata. Ban da kuɗi, a sa shekarun jagoranci cikin ma'aunin ƙarin girma, a kuma fifita jagoran karkara wajen ba da hutun ƙaro karatu.

Na huɗu, raba hukunci. A 2018 majalisar jinya ta Birtaniya ta sauya tsarinta, ta raba mai kula da ɗalibi yau da kullum da mai auna ƙwarewarsa, ta ƙara da malamin makaranta a matsayin na uku. Ana iya ɗaukar wannan da sauƙi: jagoran Gummi ya auna ɗaliban Anka, na Anka ya auna na Bukkuyum. Ta haka an ɗauke wa ɗan gari kunyar maƙwabta.

Na biyar, tsaro da zumunci. A tattara koyon aiki a manyan asibitocin hedikwatar ƙananan hukumomin uku da cibiyoyin da ke kusa da su, tare da masauki mai katanga da ruwa da hasken sola. A haɗa jagorori a zaure guda na WhatsApp da malaman makaranta da wani likita a Gusau ko Sakkwato, tare da ajiye littattafan aiki na takarda saboda ranar da layi zai yanke. Masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum kuma suna da rawar takawa: karrama jagora a bainar jama'a ba ya cin kuɗi mai yawa, amma a ƙasar Hausa yana riƙe mutum.

Na shida, adana sani. Waɗanda suka yi aikin gubar dalma da na tamowa da na sanƙarau a yankin su ne taskar da ta fi kusa. Ya dace a sa su cikin jagororin farko, a naɗi bayanansu, a kuma rubuta su da Hausa. A nan masana Hausa suke da aiki: samar da daidaitattun kalmomin jinya, da fassara littafin shaidar ayyuka, da nazarin yadda ma'aikaci ke zantawa da majiyyaci.

7.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Na farko, manufofin da aka yi tun daga 2009 sun fi mayar da hankali ga samar da sababbin ma'aikata da faɗaɗa aikinsu, alhali nasararsu ta rataya ga samuwar na gaba da zai kula da su. Na biyu, tarihin gubar dalma ya nuna cewa yankin yana da ƙwarewar da ba kasafai ake samun irinta a wani wuri ba, kuma tana iya ɓacewa da tafiyar mutane ƙalilan. Na uku, ginshiƙan da al'ada ta riƙe malami da su, wato suna da lada da ragin aiki da yabo, sun yi daidai da abin da nazarce-nazarcen zamani suka ba da shawara, don haka aiwatar da su ba baƙon abu ba ne ga jama'a.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bibiyi matsayin jagoran koyon aiki a Anka da Gummi da Bukkuyum, ta nuna yadda nauyin aiki da rashin tsaro da ƙaura da kunyar sa hannu suke cin ƙarfinsa, ta kuma kawo matakai shida na tallafa masa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: jihar da ke son yaye sababbin ma'aikatan lafiya dole ta fara riƙe tsofaffin da ke hannunta. Makaranta tana iya ɗaukar ɗalibai ɗari a rana guda, amma ungozomar da za ta kalli fuskar mai jego ta gane jini yana zuba a ɓoye sai an shekara da shekaru ana gina ta. Idan irin wannan ungozoma ta bar Bukkuyum, ba gurbi ɗaya ta bari ba, ta tafi ne da duk waɗanda da za su koya a hannunta.